Gwaggo da Ƙofar Lallenta

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu tattara. Gwaggo ta riga mu tafiya. Yayar mahaifinmu ce, ita ce babba da ta rage mana a gida. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin dammunan hatsi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tanout da Belbeji. Ina cikin aji a lekol, wato makarantar boko, ina koya wa yara lissafi, Yaya ya kira ni a waya ya ce, "Sai haƙuri, tsohuwa ta tafi." Kafin in samu motar da za ta kai ni, har an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Na tarar da gida ya cika. Mata suna tsakar gida kan tabarmi, maza suna waje ƙarƙashin rumfa. Buzayen da take sayen cuku wurinsu sun durƙusar da raƙumansu bakin rijiya sun zo gaisuwa, Fulanin da take ajiye wa ƙore ranar kasuwa su ma sun zo. Kowa da abin da ya tuna. Wani ya tuna furarta, wata ta tuna yadda ta yi jinyarta sati uku. Wata tsohuwa, ƙawarta tun ƙuruciya, ta kama hannuna tana kuka tana dariya ta ce, "Kayya, 'yar nan! Mace mai tsafta, mai salla, mai riƙon amana, amma Allah bai ba ta iya ɗaure ƙofar danga ba. Awaki dai sun ga gata a wurinta." Mata suka yi dariya da hawaye a idonsu. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ina ganin ni kaɗai na san gaskiyar maganar ƙofar nan.

Mutum biyu suka ɓata mini rai a zaman makokin. Na farko ɗan kawunmu ne, matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya tashi yi wa maza nasiha, muna jin sa ta kan katanga. Ya ce, "Ku dubi baiwar Allahn nan. An kai ta ɗakin miji ba ta cika sha uku ba, ta zauna shekara arba'in ba yaji ba ƙara, ta mutu da tsufanta da mutuncinta. Ina masu cewa auren wuri cuta ne?" Ta biyu abokiyar aikina ce ta furoje, wato shirin wata ƙungiyar agaji, wadda muke zagaya ƙauyuka tare muna faɗakarwa kan karatun 'ya'ya mata. Ta matso kusa da ni ta raɗa mini, "Madam, labarin gwaggonki ya dace da shirinmu na rediyo. An zalunce ta tun tana yarinya. Ki rubuta mana shi." Haba jama'a! Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, kowa ya kama ta yana ja gefensa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a tuna ta yadda take. Ban ambaci sunan kowa ba, ban faɗi sunan ƙauyenmu ba, da gangan na yi haka, in an kai ƙarshe za a ga dalili.

Gwaggo 'yar ƙarama ce, siririya, bakinta kullum ja da goro. Ba ta iya magana a hankali ba. In ta so ka, "mara kunya" za ta kira ka, in kuwa ta fara ce maka "bawan Allah" to ka binciki kanka. Ba ta da ɗa ko 'ya a raye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗaki a kusurwar gabas, da ɗan fili a bayansa. A filin nan bishiyar lallenta take, an kewaye ta da dangar kara, da 'yar ƙofa da ake ɗaurewa da igiya.

Wanda ya san ƙasarmu ta Damargu ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyarmu raƙumi ke jan gugarta, sai ya yi tafiya mai nisa kafin guga ta fito. Ba wanda zai ɗebo ruwa don ya ba itace. To Gwaggo a gindin lallen nan take alwala, sau biyar kullum, tun kafin a haife ni. Ko tana zazzaɓi sai ta ja jiki da butarta ta je can. In baƙuwa ta zo za ta yi salla, sai ta ce, "Mara kunya, kar ki zubar mini da ruwa a banza, zo nan." Da ruwan alwala lallen ya rayu.

Al'adar danginmu ita ce, ba a sa amarya a lalle sai da ganyen wannan bishiyar, kuma Gwaggo ce za ta tsinke shi da hannunta a satin bikin, ta shanya, ta daka. Tsofaffi sun ce kakarmu ce ta dasa shi, kuma duk yarinyar da aka sa wa lallen kasuwa ba ta zama gidan miji. An taɓa gwadawa da wata 'yar'uwarmu, wata uku ta dawo da kayanta a ka. Ko lalle ne ko halin mijin ne, oho, amma Gwaggo ba ta bari kowa ya manta da labarin ba. Aure kuwa a wurinmu da kaka ake yin sa, lokacin da rumbu ya cika, masu dabbobi sun sauko daga arewa. In kaka ta wuce ba a yi ba, sai wata shekara, don da rani kowa na bin ruwa da ciyawa, da damina kowa na gona.

Ina da shekara sha huɗu aka kawo goron neman aurena. Kar wani ya yi zaton an tilasta mini, wallahi ni ce ma na fi kowa ɗoki. Na ga ƙawayena da sabbin zannuwa da jeren kwanoni, ni kuma ina fama da alli da bulalar mushe, malaminmu na lekol. Saura sati biyu a sa ni a lalle, sai muka ji ihun Gwaggo da rana tsaka: "Wayyo, awaki! Jama'a, awaki!" Muka ruga. Awaki huɗu suna cikin danga, sun tsaya da ƙafa biyu sun share ganyen tas, sai tsinke. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta ce ta manta ba ta ɗaure ƙofa ba. Babanmu ya yi faɗa, ya ce a bari sai baɗi. Na yi kuka kamar raina zai fita. Na ce mata, "Gwaggo, ba ki ƙaunata!" Ta ce, "Tafi can, mara kunya, miji ba ya ruɓewa."

Da shekara ta zagayo aka sake yin haka. Manemin ya gaji ya auri wata, ni kuma na ci jarrabawa na tafi kolej a Tanout, daga nan na zama malama. Sai da na kai ashirin da ɗaya na yi aure, kuma a shekarar ko akuya ɗaya ba ta leƙa dangar ba. Lallen ya kama ƙafata har ya yi baƙi. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka dai tsufa ne ke sa ta mantuwa wata shekara, wata shekara ta tuna.

Na gane ne wata Juma'a, ina goyon ɗana na fari, na zo ganin gida. Ana shirin auren 'yar wani ƙanen babanmu, yarinya ce da ko kallabi ba ta iya ɗaurawa da kyau ba. Maza sun tafi masallaci, mata sun kwanta a inuwa saboda zafi. Na zagaya bayan ɗaki zan shanya zanen goyo, sai ga Gwaggo tsugune tana kwance igiyar ƙofa da hannunta. Ta buɗe, ta ɗebo dusa a ƙwarya ta barbaɗa daga bakin turke har gindin lallen. Sannan ta koma ta zauna kan turmi tana jan carbi, tana kallon awaki suna ci. Sai da suka gama tas ta miƙe, ta gyara zanenta, ta kurma ihu. Na laɓe don kar ta gan ni. Daga baya na lura da wani abu kuma, duk lokacin da awaki suka ci lalle sai Gwaggo ta yi azumi kwana uku, in an tambaye ta ta ce na nafila ne.

Shekara da shekaru na riƙe abin a cikina, har ranar da muka yi faɗa. Lokacin na shiga aikin furoje, kaina ya ɗauki zafi, ina ganin duk wanda bai yarda da mu ba jahili ne. Za mu yi taro a ƙauyenmu gaban mai gari da liman, na ce ba wanda ya fi Gwaggo dacewa ya yi magana. Na same ta tana dama fura na ce, "Gwaggo, so nake ki tashi gaban mutane ki faɗa musu abin da aka yi miki kina yarinya."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Me aka yi mini?"

Na ce, "An cuce ki mana."

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Wa ya cuce ni? Malam ubana, wanda ya koya mini Fatiha a cinyarsa? Ko mijina, wanda ya ƙi sakina duk da danginsa sun tasa shi gaba? Su zan tashi in kira azzalumai gaban yaran da ba su san su ba, suna kabari ba su iya ba da amsa? Malamai ma sun ce addini bai yanke shekara ba."

Na ce, "Wasu malaman kuma sun ce addini ya hana cutarwa, kuma an ɗora wa uba ya duba abin da zai amfani 'yarsa."

Ta ce, "To su je su daidaita tsakaninsu. Ni ban yi karatu ba."

Nan ne bakina ya kufce. Na ce, "In daidai ne, Gwaggo, me ya sa kike buɗe wa awaki ƙofa?"

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ture ƙwaryar furar gefe. Sannan ta ce, "Baiwar Allah, tashi ki fita mini daga ɗaki." Wata uku in na gaishe ta a wayar Yaya, sai ta ce a ce mini tana salla.

Ita ta nemi shiri. Ta aiko mini da cuku da busasshen kuɓewa, ta ce a faɗa wa mara kunyar nan ta zo. Da na je ta ja ni gindin lallen muka zauna, ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba kowa ba a gidanmu. Ta ce a kan raƙumi aka kai ta, can arewa da Belbeji, tana murna don an saya mata munduwa. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shekara guda ta samu ciki. Kwana uku tana naƙuda a bukka, ba likita, ba mota. Ɗan ya fito namiji, ba rai. Ita kuma ta yi wata biyar ba ta iya tsayuwa, mijin ne ke ɗaukar ta ya fitar da ita rana, ya mayar da ita inuwa. Daga nan ba ta sake samun ciki ba. Ta ce, "Ungozomar da ta karɓe ni ta ce ƙuguna ne bai gama buɗewa ba. Ta ce da an jira damina biyu."

Na ce, "To ai shi ne nake cewa ki faɗa."

Ta ce, "Ke ba ki ganewa. Ni ban ce haram ba ne, Allah ya tsare bakina. Nama ma halal ne, amma kin taɓa ganin an ba jinjiri? In na tashi na ce ba daidai ba ne, na zagi ubana, kuma ina tsoron kar in faɗi abin da Allah bai faɗa ba. In na ce daidai ne, na yi ƙarya, don ni na ji a jikina. To ina zan kai bakina? Akuya kuwa ba wanda ke tambayar ta hujja."

Na tambaye ta azumin fa. Ta ce, "Ba ina cewa na manta ba? Ai ƙarya ce. Ban taɓa rantsewa a kai ba, amma ƙarya ce." Sannan ta ce abin da ke hana ta sakewa shi ne ko ranar tsayuwa za a tambaye ta auren da ta jinkirta. Ta ce aure sunna ne, ita wace ce da za ta tsaya masa a hanya? Ta so ta tambayi liman, amma in ta tambaya asiri ya tonu. Haka ta rayu da tambayar nan, ba ta samu wanda za ta yi wa ita ba sai ni, ni kuma ba malama ba ce ta wannan fannin.

Kar a ɗauka kullum dabarar tana ƙarewa lafiya. Akwai yarinyar da aka ɗaga aurenta saboda awaki, ta tafi aikatau birni a shekarar jiran, ta dawo da ciki. Uwarta ta daina zuwa rijiya don kunya. Gwaggo ta kwanta kwana biyar ko fura ba ta sha, tana cewa, "Ni ce, ni ce," mutane suna zaton zafin ciwo ne. Bayan wannan ta sa aka ɗaure ƙofar da waya, shekara uku awaki ba su shiga ba, aka kai yara biyu ɗaki tana kallo, ita ta daka musu lallen. Ɗayar tana nan lafiya lau da 'ya'yanta biyar, ɗayar kuwa har yau tana zaryar likita. A shekara ta huɗu Gwaggo ta ce wayar tana yanke mata hannu, a mayar mata da igiya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni barci mai daɗi tun rasuwarta. Yaya yana da 'ya, sunan Gwaggo aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ƙarama. Tana kolej a Belbeji, tana zaune gidan wata 'yar'uwar uwarta, saura mata shekara biyu ta yi jarrabawar ƙarshe. Shekara biyu da suka wuce aminin Yaya ya nema wa ɗansa ita. Wannan aminin shi ya kora dabbobin Yaya arewa tare da nasa shekarar da Yaya ya karye a ƙafa, ya dawo masa da su ko ɗan akuya bai ɓata ba. Yaya ya karɓi goro gaban mutane. Yaron ma ba shi da laifi, gyaran babur yake yi a Belbeji, yana salla, yana gaida manya. Ƙarama ba ta ƙi shi ba. Da na tambaye ta ta ce, "Duk abin da Baba ya ce." Amma da za mu rabu ta riƙe mini mayafi ta kira ni yadda ta saba, don ni ma gwaggonta ce, ta ce, "Gwaggo, matar aure ana barin ta ta zauna jarrabawa?" Na ce ana bari. Ban faɗa mata ba cewa cikin ɗalibaina da aka aurar, ban ga wadda ta dawo aji ba.

Kaka biyu a jere awaki suka ci lalle. Bana Gwaggo ta kwanta ciwo tun ƙarshen damina. Na je duba ta kwana tara kafin ta rasu. Lallen ya yi kore shar, ban taɓa ganin ya yi ganye haka ba. Ta sa na tallabe ta zuwa bakin ƙofa ta dube shi, ta ce, "Lallen nan naki ne in na tafi. A riƙa yi masa alwala." Sai ta ɗaga hannuwanta suna rawa ta ce, "Na gwada igiyar jiya. Hannuna ya mutu."

Na gane abin da take nufi sarai. Na ce, "Gwaggo, ni ba haka nake aiki ba. Zan yi wa Yaya magana, baki da baki."

Ta dube ni ta ce, "Mara kunya, shekara nawa kina magana a lasifika? Auren wa kika ɗaga a gidan nan?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na yi fushi na bar ta a zaune, na je na samu Yaya yana cin tuwo, matarsa na gefe. Na zazzage masa duk abin da na sani, na lafiya da na karatu da na malamai. Ya bari na gama ya ce, "Ke kin fi liman sani? In ta zauna a gari ta jawo mana abin kunya, ke za ki ɗauka? Na ba da baki, magana ta ƙare." Na hau mota na koma Tanout ban ko yi wa Gwaggo sallama da kyau ba. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Allah ya yafe mini.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an raba sadaka, dangin yaron suka shigo gaida mata. Uwarsa ta leƙa bayan ɗaki ta ce, "Masha Allah, bana lalle ya yi. In an yi arba'in sai a sa rana." Ta ƙara da cewa, tana murmushi, "In kuma akuya ta sake ci, ai na kasuwa ma lalle ne." Tsohuwar ƙawar Gwaggo ta ce, "Ba dai a gidan nan ba." Aka yi dariya aka bar maganar. Na yi magana ba ta yi amfani ba, mai buɗe ƙofa kuma ta tafi.

Washegari da hantsi ina haɗa kayana a ɗakin Gwaggo, mata sun tafi rijiya, sai ga Yaya ya shigo janye da awaki uku. Yana da turkensa a can sashensa, ban ga abin da zai kawo su nan ba. Ya miƙo mini igiya, bai dube ni ba, ya ce, "Riƙe mini waɗannan zuwa azahar, zan je gona ɗaukar kara. Tun jiya ba su ci komai ba."

Na tsaya da igiya a hannu ina kallon sa. Na ce, "Yaya, kai ma ka sani?"

Ya ce, "Wa kike zato yake gyara mata dangar nan duk shekara? Kin taɓa ganin namiji mai dabbobi ya ɗaure ƙofa da ƙullin da tsohuwa za ta iya kwancewa, in ba da niyya ba? Baba ma ya sani. Lokacin naki, shi ya aro awakin maƙwabta don namu biyu ne kawai."

Na zauna kan turmi. Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa wa amininka gaskiya, ka ce a jira ta gama?"

Ya ce, "In ce masa me? Na karɓi goronsa gaban liman. In na janye, an ce na bi maganar furoje na bar ta malamai, na kuma ci amanar mutumin da ya riƙe mini dukiyata. In na bayar, ina ganin yarinyar nan, ƙarama ce, ni na haife ta. Ke kuma kika zo kina yi mini wa'azi gaban matata, me kike so in ce miki?" Ya ce, "Da kika tafi na je zan sassauta mata igiyar, na tarar ba ta ma iya tashi."

Na ce, "Baɗi fa? Shekara biyu suka rage mata. Ka ji kuma abin da uwar yaron ta ce."

Ya ce, "Na ji. Ban sani ba. Ni ma bana kaɗai nake iya gani." Ya saɓa gatarinsa ya fita.

Na daɗe a zaune. Ni ce mai tsayawa gaban mai gari in ce a daina ɓoye-ɓoye, a fito a faɗi gaskiya. Ni ce na raina dabarar tsohuwa. Ga shi ba ni da wata sai ita, kuma shekara ɗaya tak za ta saya mana, in ma ta saya. Na tashi na kwance igiyar, ƙullin ko wuya bai yi ba. Ko dusa ban barbaɗa ba, yunwa ta kai su. Na koma kan turmin Gwaggo ina jin ƙarar ganye a bakinsu, ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da na iso. Da suka gama na share fuskata, na ɗora hannu a ka na kurma ihu: "Wayyo, awaki! Jama'a, awaki!"

Mata suka sheƙo da tuluna a ka. Na ce na manta ban ɗaure ƙofa ba. Tsohuwar ƙawar Gwaggo ta dubi tsinken lallen, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kayya, abin gado ne ashe." Ƙarama na tsaye a bayan uwarta. Ba ta yi kuka irin nawa na da ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta shiga ta kamo awakin ta fitar da su.

An ɗaga maganar zuwa baɗi, dangin yaron sun amsa da ƙyar. Ban ba abokiyar aikina komai na rediyo ba, ban kuma je na yi gardama da ɗan kawunmu ba. Lallen an ci shi kaka uku a jere, ban sani ba ko zai sake tohowa. Matar Yaya ta faɗa mini a waya cewa Yaya ya ɗauke butarsa daga ƙofar gida, yanzu a gindinsa yake alwala. Ni kuma na yi azumina na kwana uku, mijina ya tambaya na ce na nafila ne.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da tambayar da ta rasa wanda za ta yi wa. Ka jiƙan ta, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da ɗanta da ba ta ji kukansa ba. In abin da ta yi alheri ne, ka ba ta ladansa cikakke. In kuwa laifi ne, kar ka ɗora mata ita kaɗai, ka raba mana, da ni da Yaya da Baba, don duk mun sa hannu a igiyar nan.